Ina Ungulayen Ƙofar Kabuga Suka Shiga?

Na san a wannan shafi an saba karanta maganar ginin majami'a da baiko da taron zumuntar mata, saboda haka ina neman gafara tun da wuri, gama yau maganar ungulu na kawo. Wanda dariya ta kama, ya yi abarsa. Ni ma ran da aka fara ce mini ungulu tana bukatar mai tsaya mata sai da na dara. Amma in ya gama dariyar, ina roƙonsa ya amsa wannan tambaya tsakaninsa da Allah: yaushe rabonka da ganin ungulu a sararin Kano?

Duk wanda ya haura shekara 50, kuma ya san Ƙofar Kabuga a da, ya san ba haka take ba. In ka fito daga cikin birni ka miƙi hanyar Gwarzo, kana barin badala gonaki ne ke tarbarka, da kukoki da tsamiyoyi, da kududdufai nan da can. Da hantsi za ka ga ungulaye sun jeru a kan badala sun baza fukafukai suna shan rana, kai ka ce tsofaffi ne a majalisa. In jakin wani ya mutu, ba a neman mota. A ja shi bayan ganuwa a yar, kafin jibi sai ƙashi. A wurin mahauta kuwa tsakanin ƙafafun mutane suke yawo kamar kaji, yara suna kora, suna yin tsalle ɗaya su dawo. Ba wanda ya taɓa ƙirga su, don ba a ƙirga abin da ya yi yawa har ya zama abin haushi.

Je ka Kabuga yau ka tsaya kusa da gadar ƙasa, tsakanin masu a-daidaita-sahu da gidajen mai da shaguna, ka ɗaga kai. Za ka ga shirwa, za ka ga hankaka, za ka ga tattabarun mutane. Ka yini a wurin in kana da hali. Na yi wa yaran makarantar Lahadi wannan tambaya, na ce wa ya taɓa ganin ungulu ido da ido. Waɗanda suka ɗaga hannu, da na bi diddigi, a gidan zu na Audu Bako ko a talabijin suka gan ta, wani ma shirwa yake nufi. Waɗannan yaran suna jin iyayensu na cewa ungulu ba ki jewar banza, suna jin ana cewa wane ya yi wa wane ungulu da kan zabo, suna jin ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Karin maganar yana nan a bakinmu, mai karin maganar ta tafi.

Wasu za su ce ai birni ne ya girma, ta koma ƙauye. Na so a ce haka ne. Tambayi 'yan'uwanmu da suke zuwa taro daga Rogo da Karaye da Sumaila da Tudun Wada, su gaya maka ko ran kasuwa suna ganinta a kwata kamar da. A can ma cewa suke yi wataƙila ta koma birni.

Masu binciken tsuntsaye sun daɗe da lura. Wani Bature mai suna Peter Mundy ya yi nazarin sheƙunan ungulu a Sakkwato a farkon shekarun 1970, lokacin da ake ganinsu ɗaruruwa a cikin garin. Wani Bafaranshe kuma, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Nijar da Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsaye, sa'an nan ya sake bin waɗannan hanyoyi a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wuraren da ba gandun gwamnati ba, ita kuwa ƙaramar ungulun gari, irin tamu mai jan wuya, ta ragu da kusan rabi. Tun fiye da shekara 20 ke nan. A 2011 Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sa ungulun gari cikin jerin halittun da ke cikin haɗari. A 2015 ta ɗaga ta zuwa mataki na ƙarshe, wanda daga shi sai a ce babu ita a daji ko kaɗan. A wannan shekarar tare da ita aka sa wasu irin ungulayen Afirka guda 3 a kan matakin.

To, me ya cinye ta?

Akwai abin da ba da gangan muka yi ba. Ungulu kan doguwar bishiya take sheƙa, kuka ko rimi ko giginya ko tsamiya, shi ya sa Bahaushe ya ce gidanta na tsamiya. Dubi sunayen unguwanninmu da garuruwanmu: Rimin Gata, Rimin Gado, Tsamiyar Boka, Kurna. Sunayen itatuwa ne. Yawancin irin waɗannan manyan itatuwa sun zama makamashi da gawayi da filin awon gida. Abincinta ma ya ragu. A da mahauci yana zubar da abubuwa da yawa, yanzu babu abin da ake yarwa a jikin saniya: fata ta zama ganda, jini a dafa a busar a kai wa masu kiwon kaji, ƙashi da ƙaho akwai masu saye. Wannan duka gaskiya ne, kuma ba zan ce wa talaka ya bar nama a ƙasa don tsuntsu ba.

Amma ba yunwa ce ta fi kashe ta ba. A 2016 wasu masana daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin Darcy Ogada da ke aiki a Kenya, suka tattara bayanai a kan irin ungulaye 8 na Afirka. Suka ga a cikin shekara 30 sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100. Da suka duba waɗanda aka san dalilin mutuwarsu, kashi 61 guba ce, kashi 29 kuwa kashe su aka yi don a sayar da sassan jikinsu ga masu magani da tsafi. Wato a cikin kowace ungulu 10 da aka samu a mace, 9 hannun mutum ne kai tsaye.

Maganar guba tana da fuska biyu. Akwai makiyayi ko manomi da kura ko karen daji ya dame shi, ya barbaɗa maganin ƙwarin gona a jikin mushe ya ajiye. Kura ɗaya yake nema, ungulaye 50 su riga ta zuwa. Akwai kuma masu yi da niyya. A ƙasar Botsuwana a watan Yuni 2019 an sami ungulaye 537 a mace kewaye da gawarwakin giwaye da aka sa wa guba, domin ɓarayin haure sun san jewar ungulu ce ke tona wa ma'aikatan daji inda suka yi ɓarna. Ashe da gaske ba ta jewar banza, kuma saboda haka aka kashe ta. A Gini Bisau kuwa, a farkon 2020, an kashe ungulayen gari fiye da 2,000 da guba a yankunan Bafata da Gabu, irin tamu ta Kano sak. Da yawa daga cikinsu an same su babu kai. An yanke an tafi da shi kasuwa.

Wace kasuwa? Nan ne maganar ta dawo gida. Wani bincike da Ralph Buij da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya haɗa abin da aka gani a kasuwanni 67 na ƙasashe 12 a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Daga cikin gawarwakin ungulaye da shaho da danginsu da aka ƙirga a kan tabarmin masu sayarwa, kashi 73 cikin 100 a Nijeriya suke, kashi 21 a Jamhuriyar Benin. Kafin wannan, a 2013, Yohanna Saidu da shi Buij ɗin sun rubuta a kan cinikin sassan ungulu a arewacin Nijeriya musamman. Abin da ya fito fili shi ne, da tamu ta yi wuya, sai fatake suka fara tsallaka iyaka suna kawo ta daga Nijar da Chadi da Kamaru da Burkina Faso. Mun cinye tamu, mun shiga ta maƙwabta.

Kowa a cikinmu ya taɓa wucewa ta gaban irin wannan tabarma, a kasuwar birni ko ta ƙauye. Ga fatar damo, ga ƙayar beguwa, ga busasshiyar hawainiya, ga kan tsuntsu mai lanƙwasasshen baki. Ana cewa kan ungulu yana buɗe ido mutum ya ga abin da ke ɓoye, tun da ita tana hango mushe daga nesa. Ana cewa yana kawo kasuwa, yana sa a ci shari'a, yana sa a ci zaɓe ko caca, yana maganin farfaɗiya da taɓin hankali, yana sa yaron da ya yi jinkirin tafiya ya miƙe. Har ƙwanta ake hawa bishiya a ɗauko. Naman kuma, masu bincike sun tarar a wasu wurare ana gasa shi ana sayarwa a matsayin naman wani tsuntsu dabam. Ungulu da kan zabo ta tashi daga karin magana ta zama sana'a.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na kawo wannan magana nan, ban kai ta gidan rediyo ba. Mai tabarmar nan ba ya tambayar mai saye addininsa. Kada mu yaudari kanmu cewa masu zuwa wurinsa duka daga wani gefe suke. Dattawan da suka daɗe suna zaman shari'ar ikkilisiya sun sani. Sun ga layun da ake kwancewa daga ƙugun jariri ran da aka kawo shi miƙawa. Sun ji labarin ɗan'uwa da ya yi sujada da safe, da yamma aka rubuta masa abubuwan da zai sayo don ƙarin girma a wurin aiki ko don shari'ar gona. Sun san uwar da ɗanta ke faɗuwa, ta gaji da layin asibiti da tsadar magani, wata maƙwabciya ta raɗa mata cewa akwai wani mai haɗi. Mun saba duban wannan ta gefen bangaskiyar mutumin, kuma daidai ne. Amma akwai gefe na biyu da ba mu taɓa faɗa daga bagade ba. Kowane kai da aka saya, an aika maharbi daji ke nan ya kawo wani. Maharbin kuwa ba zai ɓata harsashi a kan ɗaya ba, alhali da cokali guda na guba zai sami buhu. Mai saye ba zai ce ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni. Kuɗinsa ne ya kashe.

Ita uwar yaron nan ban ga laifinta kamar yadda nake ganin namu ba. Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa, tana da magani a asibiti, kuma yawancin masu ita in suka dage da shan maganin faɗuwar tana tsayawa ko ta ragu ƙwarai. Kan tsuntsu bai taɓa tsayar da ita ba. Abin da ya fi muni, in da guba aka kashe tsuntsun, to ragowar gubar ce ake jiƙa wa yaro. In ikkilisiya ta iya tara kuɗin sabon janareta, ta iya ɗaukar nauyin maganin yaro ɗaya na wata-wata, uwarsa ba za ta je gaban tabarma ba.

Na san abin da wani dattijo zai ce, don an riga an faɗa mini: ana ta kai, wa yake ta kaya? Ga tsadar abinci, ga rashin tsaro a hanyoyi, ga matasanmu babu aiki, kai kuma kana kukan ungulu. Tambaya ce mai nauyi, ba zan yi mata amsar raini ba. Amsata ita ce labarin Indiya.

Har zuwa farkon shekarun 1990 Indiya tana da ungulaye miliyoyi masu yawa. Ƙasa ce mai ɗimbin shanu, kuma yawancin mutanenta ba sa cin naman saniya, saboda haka in ta mutu ungulu ake bar wa. Sai wani maganin ciwon jiki mai suna dikulofenak, wanda mu ma muke saye a kemis don ciwon baya, ya yi araha, likitocin dabbobi suka shiga yi wa shanu allurarsa. Ba wanda ya san cewa ungulun da ta ci naman saniyar da aka yi wa allurar kwanan nan, ƙodarta za ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Tsakanin 1992 da 2007 wani iri daga cikinsu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Sai a 2004 aka tabbatar da dalilin, a 2006 gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi. Kafin nan aikin gama ya gama. Mushe ya riƙa ruɓewa a bakin gari da bakin rafi, ruwan sha ya gurɓata, karnukan da ba su da mai su suka sami abinci suka hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta yawan mace-macen mutane a gundumomin da ungulu ta saba zama da waɗanda ba ta zama. Suka ƙiyasta cewa rashinta ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ba tsuntsaye ba, mutane. Kuma ba sai an gaya maka ba, ba masu ruwan roba a firiji ne suka mutu ba.

Dalili kuwa a cikin cikinta yake. Ruwan tumbin ungulu yana da kaifi ƙwarai, har yana narka yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Kare ko ɓera in ya ci mushe, ya ɗauki cutar ya shigo da ita gida. Ungulu in ta ci, yawanci a nan cutar ta ƙare. Kuma tana da sauri: taron ungulaye yana share gawar dabba kafin ƙuda ya gama yin ƙwai a kai. Waɗanda suke kiwo za su tuna yadda hankali ya tashi a watan Yuli 2023, da aka tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona kusa da Suleja, cutar da ke kashe dabba farat ɗaya kuma tana kama mutum. A irin wannan rana ce ake neman mai share daji. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi. Namu gemun ma ya fara hayaƙi, gama wanda ya bi bayan unguwanninmu da damina, inda ake yar da mataccen akuya a cikin kwalbati ko a kan bola, hancinsa zai gaya masa wanda ya karɓi aikin ungulu: ƙudaje da karnuka da ruwan sama mai kai komai cikin rijiya.

Sai kuma masu cewa ai ƙazamar tsuntsuwa ce, har Littafin Firistoci sura 11 ya lissafa ta cikin waɗanda ba a ci. Haka ne. An hana ci, ba a ce a ƙarar ba. Hasali ma wanda ya jiƙa kanta ya sha, shi ne ya taka wannan sura, ba wanda ya bar ta a kan tsamiya ba. Kuma a labarin jirgin Nuhu, a Farawa sura 7, ba masu tsarki kaɗai aka shigar ba, har da marasa tsarki aka ba wuri, namiji da ta mace, don kada irinsu ya yanke. Ba ni ne mai wa'azi ba, na bar wa fastocinmu sauran.

A ganina babbar matsalar ungulu ita ce muni. Da kyakkyawa ce da tuni an yi mata gangami. Ko da yake kyau ma bai ceci gauraka ba: tsuntsun da ake kira na ƙasar Nijeriya, mai tukku kamar zinariya, kyansa ne ya sa aka yi ta kama shi ana kai wa gidajen masu hali, har ya kusa ƙarewa a fadamunmu. Zaki kuwa, da aka yi ƙidaya a 2014, kimanin 400 aka samu a duk Afirka ta Yamma, na Nijeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Mu da muke wucewa ta Rijiyar Zaki kullum, ko zakin daji aka nufa da sunan ko wani mai sarauta, ba mu tsammanin ganin zaki a wurin. Haka jikokinmu za su ji sunan ungulu.

Abin da ya sa lokaci ya ƙure shi ne ungulu ba kaza ba ce. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan ya yi wata 3 ko 4 a sheƙa, bayan ya tashi ma iyayen su ci gaba da ciyar da shi, sa'an nan ya ɗauki shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Wanda ya kashe 30 a yini ɗaya ya share aikin shekaru masu yawa. Wanda ya hau ya ɗauke ƙwan nan ɗaya, ya kashe shekarar gaba ɗaya.

Doka kuwa ba yau aka fara ta ba. Tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar namun daji. A 1985 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana fataucin halittun da ke cikin haɗari, aka ƙara mata tsanani a 2016. Duk da haka tabarmar tana shimfiɗe da rana tsaka. Ba ma'aikacin da zai iya tsare kowace kasuwa daga nan har Illela. Abin da zai naɗe tabarmar shi ne ranar da mai ita ya yini ba wanda ya taya.

Kada kuma a ɗauka ina kiran a yi wa masu maganin gargajiya taron dangi. Da yawansu da saiwa da ganye suke aiki, kuma abincinsu suke nema kamar kowa. Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya, NCF, wadda ke da hedkwata a Legas, ta zaɓi zama da su maimakon faɗa da su, ana tattauna yadda za su bar sassan ungulu su koma ga tsirrai, kuma an sami waɗanda suka yarda. Ni ban gaskata cewa ganye zai sa a ci shari'a ba, kamar yadda ban gaskata kan ungulu zai sa ba. Amma in dole mutum ya ɓatar da kuɗinsa, gara ya ɓatar a kan abin da ke sake tohowa.

Ko abin da ya kusa ƙarewa yana dawowa? Yana dawowa, in mutanen wurin suka ga dama. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a duk Afirka ta Yamma, a yankin Kure da ke gabas da Yamai, ba cikin shinge ba, cikin gonakin mutane. Gwamnatin Nijar ta hana taɓa su, ƙungiyoyi suka taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan rance, manoma suka haƙura da ɗan waken da suke ci. Kafin 2018 sun haura 600, har a wannan shekarar aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru da yawa ba a ga ko ɗaya ba. Mutanen da suka yi wannan ba su fi mu arziki ba. Ungulu ma ta fi raƙumin dawa sauƙi, don ba ta cin amfanin gonar kowa, kuma tana da fukafukai: in ta sami wurin da ba a kashe ta, da kanta za ta zo.

Saboda haka roƙona ga majalisun dattawa ƙarami ne. In ana koyarwa a kan layu da tsafi, a ambaci wannan da sunansa, a ce kan ungulu da ƙwanta da gashinta, don mai saye ya san an san abin da yake yi. 'Yan'uwanmu manoma da makiyaya a ikkilisiyoyin karkara, a gaya masu kada a sa wa mushe guba ko don kura ko don kare, gama abin da ya ci mushen ba ya tsayawa kan wanda aka nufa, har karen gida da alade da yaron da ya taɓa. Dabbar da ta mutu bayan an yi mata allurar dikulofenak, a binne ta da zurfi, kuma a tambayi likitan dabbobi ko akwai melokzikam, wanda aka gwada aka ga ba ya kashe ungulu. Filayen majami'u da makabartunmu da makarantunmu na ƙauye, da yawansu suna da tsohuwar kuka ko tsamiya ko maɗaci. Kafin kwamitin gini ya sa gatari don a faɗaɗa wurin ajiye motoci, a ɗaga kai a duba abin da ke sama. Na taɓa zama a wani taron kwamiti inda aka yanke wa wata tsamiya hukunci cikin minti 5, don wai tana zubar da ganye a kan kwano. Ina wurin, ban ce komai ba. Yanzu rumfar kwano muke haya ran bikin godiya.

Akwai kuma aikin da matasanmu za su iya, wanda ba ya cin ko sisi. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, a dajin Amurum, kuma tana tattara bayanin inda ake ganin kowane tsuntsu a Nijeriya daga bakin 'yan sa kai. Mu muna da abin da masu bincike ba su da shi: muna da mutum a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. In mai bishara a wani lungu na Doguwa ko gefen dajin Falgore ya san bishiyar da ungulu ke kwana, wannan labari ne mai daraja. Sai dai a yi hankali da wanda za a gaya wa. Kada a sa a Facebook da sunan ƙauyen, gama masu buhu ma suna da waya.

Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar da aka keɓe a duniya don tunawa da ungulu. Ba na neman a yi maci ko a ɗinka anko. Ina roƙon kowace ikkilisiya, ran Lahadin da ke biye, bayan an tashi sujada, a zaunar da tsofaffi 3 ko 4 a gaban yara, su faɗi inda suka saba ganinta, da shekarar da suka gan ta ta ƙarshe, da bishiyar da take kwana in tana nan. Sakatare ya rubuta, a aiko wa editan wannan takarda ta hannun wakilin gunduma. Ni zan fara da nawa: badalar da ke hannun dama in ka fito Ƙofar Kabuga, da wata kuka da ke bayanta, wadda yanzu shagon sayar da tayoyi ne a wurin.